Kuskuren Baki Da Kuskuren Wili: Wanne Ya Fi Tsada?

 A makon nan za mu ɗan fita daga aji, mu leƙa wurin ajiye motoci.

Duk wanda ya taɓa zaman jami'a ya san akwai majalisar da ba ta cikin jadawalin lacca, wato ta masu son mota. Mu ma muna da tamu, a ƙarƙashin wata darbejiya da ke bayan sashenmu. Yawancinmu ko keke ba mu mallaka ba, amma idan aka fara musu a kan wace mota ce ta fi wata, sai ka rantse a cikin kamfanin aka haife mu. A wannan majalisa ne wasu abubuwa biyu suka faru a zangon da ya wuce, kuma su ne dalilin wannan rubutu.

Na farko, wani ɗan aji ɗaya ya zo ya zauna tare da mu. Ana cikin hira sai ya ce mahaifinsa ya daɗe yana jan Fijo 504 a matsayin motar haya, kuma da ita ya biya masu kuɗin makaranta. Wani abokinmu da ya fi kowa ji da gayu ya fashe da dariya, ya ce: “Fijo kuma? Haba ƙanena, ai Pijot ake cewa!” Majalisa ta ɗauki shewa, har da mu. Yaron ya yi shiru, can ya tashi ya tafi, bai sake dawowa ba.

Na biyu, bayan kamar mako uku, yayan wannan aboki namu ya yi tafiya ya bar masa Camry ƙirar 2008. Sai ya tattara ɗan abin da yake da shi, ya sayi wili huɗu masu walƙiya ta hannun wani dillali, irin waɗanda muke gani a jikin motocin tsere, waɗanda wasu ke kira rim. Muka yi ta ɗaukar hoto. Kwana goma bayan nan, mu huɗu muna ciki a kan babban titi za mu je ɗaurin aure, sitiyari ya fara rawa, wata ƙara ta riƙa tashi daga gaba. Allah Ya sa ya tsaya. Da muka leƙa tayar gaba ta dama, biyu daga cikin ƙusoshi biyar da ke riƙe wilin sun karye, sauran ukun sun yi sako-sako.

Tun daga ranar muka ce bari mu nemi sanin abubuwan nan biyu da muke fankama da su, tunda matambayi ba ya ɓata.

Su wa suka raɗa wa motocin nan suna?

Abin da muka fara ganowa ya ba mu kunya: yaron da muka yi wa dariya ya fi mu kusa da daidai. Peugeot sunan wani gida ne a gabashin Faransa. A 1810 suka buɗe masana'antar ƙarfe, suna yin zarto, daga baya injin niƙa kofi da kekuna, kafin Armand Peugeot ya fitar da motarsa ta farko a 1889. A Faransanci ba a furta harafin “t” na ƙarshen sunan, don haka abin da Bafaranshe ke faɗa ya fi kama da “Po-jo”. Ke nan mai cewa Fijo ya jefar da “t” kamar yadda masu abin suke yi, mai cewa Pijot kuwa ya ɗauko abin da babu shi.

Ita kuma “f” ta farkon Fijo, dokar harshenmu ce. Hausa ba ta raba sautin “p” da “f”, shi ya sa muke cewa fensir, famfo, faci da fasinja, kuma ba wanda ya taɓa yi wa wani dariya a kansu. Ga shi kuma tun 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri da ke Kaduna. Motar da ta daɗe haka a gidanmu ai ta cancanci sunan gida.

Wannan doka ta Faransanci ita ce a kan Renault, wadda ake kira “Reno”, da Chevrolet, wadda ake kira “Shevrole”. Chevrolet motar Amurka ce, an kafa kamfaninta a 1911, amma Louis Chevrolet ɗan tseren mota ne da aka haifa a yankin Suwizalan mai magana da Faransanci. Citroën kuwa gaɓa uku ce, “Si-tro-en”, ɗigo biyun da ke kan “e” suna nuna a furta ta daban. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci ba sa wahala da waɗannan sunaye ko kaɗan.

A Jamusanci harafin “V” sautin “f” yake bayarwa, “W” kuma sautin “v”. Saboda haka Volkswagen “Folks-vagen” ce, ma'anarta motar jama'a. BMW kuma a can “Be-Em-Ve” ce, taƙaitawar Bayerische Motoren Werke, wato masana'antar injuna ta yankin Bavariya. Porsche, wadda muka fi yin musu a kanta, gaɓa biyu ce: “Por-sha”. Sunan Ferdinand Porsche ne, wanda ya buɗe ofishinsa na zanen motoci a birnin Stuttgart a 1931, kuma Jamusawa ba sa haɗiye wasalin ƙarshe.

Labarin Audi ya fi ba mu dariya. August Horch ya kafa kamfani da sunansa, aka samu saɓani ya fita, shari'a ta hana shi sake amfani da sunan. Da yake “horch” na nufin “saurara” a Jamusanci, sai aka fassara kalmar zuwa Latin, ta koma Audi, ana furta ta “Awdi”. Zobba huɗun da ke gabanta kamfanoni huɗu ne da suka haɗe a 1932. Marsandi kuwa sunan yarinya ce, Mercédès, 'yar wani dillalin motoci mai suna Emil Jellinek. A 1926 aka haɗe kamfanin Daimler da na Benz, aka samu Mercedes-Benz, Jamusawa na cewa “Mer-tse-des Bents”.

A Italiyanci “gh” sautin “g” ne irin na “gida”, don haka “Lam-bor-gi-ni” ake cewa, ba “Lamborjini” ba. Ferruccio Lamborghini taraktocin noma yake ƙerawa kafin ya shiga motocin gudu a 1963. A Japan, asalin sunan masu Toyota shi ne Toyoda, a 1936 aka sauya harafi ɗaya. Mazda kuma a bakin Japanawa “Matsuda” ce.

Wadda ta fi kwantar mana da hankali ita ce Hyundai. 'Yan Koriya na faɗin abin da ya yi kama da “Hyon-de”, ma'anarsa zamani. Amurkawa na cewa “Han-de”. Mutanen Ingila sun shafe shekaru suna cewa “Hai-un-dai”, har sai da kamfanin ya fito da talla ta musamman a ƙarshen 2022 don ya gyara masu baki. Ashe Turawan da muke kwaikwayo su ma lanƙwasa sunayen suke yi su dace da harshensu, kamar yadda iyayenmu suka yi wa Marsandi da Landiroba.

Ba muna cewa sanin furucin asali ba shi da amfani ba. Wanda ke karantar aikin jarida, ko mai son yin bidiyon sharhin motoci a YouTube da TikTok, ko mai shiga muhawara, ya kamata ya sani. Mai neman kayan gyara a intanet kuma dole ya iya rubuta sunan daidai, don injin bincike bai san Fijo ba. Amma a gareji ko a tasha, ka ce Marsandi a gane ka ya fi ka murɗe baki a yi ta kallon ka. Kuskuren furuci iyakarsa dariya.

Wili ba ya jin yare, lamba yake ji

Mu koma bakin titi inda muka tsaya. Wani dattijon bakanike aka kira mana daga garin da ke kusa. Ya ɗaga motar da jak, ya cire wilin, ya juya bayansa ya goge ƙura, ya nuna mana wasu lambobi. Sai ya dubi abokinmu ya ce: “Yaro, wa ya ɗaura maka wannan? Ai wilin motar Jamus ne.” Abokinmu ya ce: “Wallahi Baba, rami biyar na gani, motar ma ƙusa biyar gare ta.” Dattijon ya girgiza kai kawai.

Ga abubuwa huɗu da ya kamata a duba kafin a ciro kuɗi.

Na ɗaya, yawan ramuka da tazararsu. Za ka ga an rubuta 5x114.3 ko 5x112. Lambar farko yawan ramuka ce, ta biyu faɗin da'irar da ramukan suke kai, a ma'aunin milimita. Camry da Accord masu ƙusa biyar 5x114.3 ne. Marsandi, Audi da Golf 5 zuwa sama 5x112 ne. Tsofaffin BMW irin su E46 da E90 5x120 ne. Fijo 206 da 406 kuwa 4x108 ne. Bambancin 112 da 114.3 milimita 2.3 ne kacal, ido ba ya gani, kuma idan aka matsa wilin zai shiga. Sai dai kowace ƙusa za ta zauna a karkace, tana lanƙwasuwa kaɗan-kaɗan duk juyin taya, har ranar da za ta gaji ta karye. Abin da ya same mu ke nan.

Na biyu, ramin tsakiya. Akwai ɗan tudun ƙarfe a jikin motar da wili ke zama a kai don ya daidaita a tsakiya. Na Camry milimita 60.1 ne, na Accord 64.1, na Golf 57.1, na Marsandi 66.6. Masu ƙera wilin gayu sukan yi ramin da faɗi don ya shiga motoci da yawa, sai a sa wani zobe na roba mai tauri ko na alminiyum ya cike giɓin. Idan babu zoben, wili na iya zama ba a tsakiya ba, mota ta riƙa karkarwa in an yi gudu.

Na uku, lambar da ke bayan haruffan ET. Idan ka ga 18x8J ET45, ana nufin faɗin da'irar wilin inci 18, faɗin bakinsa inci 8, ita kuma 45 tana nuna yadda zai shige ciki ko ya turo waje, a milimita. Ƙaramar lamba tana turo taya waje, abin da matasa ke so, amma idan ta yi yawa taya za ta riƙa gugar bodi, kuma boris ɗin ƙafar zai riƙa saurin lalacewa. Babbar lamba kuma tana iya sa wili ya taɓa birki ko shokazoba.

Na huɗu, mazaunin noti. Ba duk noti ne iri ɗaya ba. Wani gindinsa mai tsini ne kamar mazurari, wani zagayayye kamar rabin ƙwallo, wani shafaffe mai wosha. Wilin alminiyum na asali na Toyota shafaffe yake amfani da shi, na Honda da Marsandi zagayayye, yawancin wilin gayu kuma mai tsini. Idan aka sa noti a mazaunin da ba nasa ba, gefe kaɗan yake kamawa, kuma zai kwance da kansa. A motar abokinmu tsofaffin notin aka mayar. Kuskure biyu ke nan a taya ɗaya.

Na zubi, na ƙira da na jabu

Wilin alminiyum iri biyu ne manya. Akwai na zubi, wanda ake narkar da alminiyum a zuba a mazubi, kusan kamar yadda masu tukwane ke yi a kasuwanninmu, sai dai da injuna da gwaji. Shi ya fi yawa, ya fi araha, kuma mai kyansa ba shi da laifi. Akwai kuma na ƙira, wanda ake ɗaukar curin alminiyum a danne shi da injin mai ƙarfin dubban tan har ya ɗauki siffa. Wannan ya fi ƙarfi, ya fi rashin nauyi, ya kuma fi tsada nesa ba kusa ba. Shi ake sa wa motocin tsere, domin duk lokacin da ƙafa ta rage nauyi, mota ta fi kama titi, birki ma ya fi ci.

Sunayen da suka yi fice a wannan fage sun haɗa da BBS ta Jamus, wadda aka kafa a 1970, da OZ ta Italiya, da Enkei da Rays na Japan. Wilin Rays mai suna TE37 ya fito a 1996, kuma mai inci 15 nauyinsa kilo 3.7 ne kawai, daga nan ya samo lambar 37. Shaharar irin waɗannan ce ta sa masu jabu ke kwaikwayon siffarsu, su yi zubi mai arha su manna suna. Ido zai ga abu ɗaya, amma ranar da aka faɗa rami ne za a san bambanci. Araha ba ta ado.

Ko a Panteka ta Kaduna za ka saya, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Ladipo ta Legas, ka juya bayan wilin. Na kirki yana ɗauke da sunan kamfani, girma, lambar ET da nauyin da zai iya ɗauka. A kan na Japan akan ga tambarin JWL da VIA, masu nuna an bi ƙa'idar gwaji. Masu jabu su ma suna kwaikwayon tambarin, don haka idan farashin ya yi daɗi fiye da kima, ka yi shakka. Idan na hannu ne, ka shafa cikinsa ka nemi alamar walda ko sabon fenti a wuri ɗaya. Sau da yawa wilin asali da aka cire daga wata mota irin taka ya fi sabon jabu aminci.

Babban wili, siririyar taya

Idan wili ya ƙara girma, dole gefen taya ya ragu don ƙafar ta shiga mazauninta. Lissafin ba wuya. Tayar asali ta Camry ɗin nan 215/60R16 ce: faɗinta milimita 215, tsayin gefenta kashi 60 cikin 100 na faɗin, wato milimita 129. Abokinmu ya sa 225/40R18, tsayin gefenta milimita 90. Wannan gefe shi ne katifar da ke tsakanin wili da titi. An yi siririyar taya ne domin kwalta mai santsi da filin tsere. A kan ramukan da damina ke bar mana da tudun rage gudu na unguwanni, duk dukan da roba ta kasa shanyewa wili ne zai sha.

Wilin ƙarfe idan ya bugu lanƙwasa yake yi, mai faci ya buga shi da guduma ya koma. Na alminiyum kuwa yakan tsage. Saboda haka ƙarin inci ɗaya a kan na asali ya wadatar ga mai bin titunanmu. A kuma tabbatar tsayin ƙafar gaba ɗaya bai kauce wa na asali da fiye da kashi 3 cikin 100 ba, in ba haka ba agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya.

Ɗaure noti ba gwajin ƙarfi ba ne

Mun saba ganin mai faci ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa yana tsalle. Wannan yana miƙar da ƙusa har ta raunana, yana kuma murƙushe mazaunin noti. Kowace mota tana da ma'auninta a littafinta: Camry Nm 103, Accord Nm 108. Akwai sifana mai ma'auni da ke yin ƙara “ƙas” idan an kai adadin, ka nemi wurin da suke da ita. A fara ɗaura noti da hannu, a bi su a tsallake kamar zanen tauraro, ba a jere ba. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 da sabon wili, a sake bi a duba. Da mun yi wannan kaɗai, da mun gano matsalarmu tun a cikin gari.

Yadda ake wanke shi

Baƙin da ke taruwa a kan wili ba ƙurar hanya ba ce kawai. Duk taka birki, ɓurɓushin ƙarfe mai zafi yana tashi daga faifan birki ya manne a fentin wilin. Idan ya daɗe yakan nutse ya yi tsatsa, ya bar ɗigo-ɗigon da ba sa fita. Wanki sau ɗaya a mako, ko a mako biyu, yana hana haka.

A bari wili ya huce tukuna, a kuma yi wankin a inuwa. Sabulu a kan wili mai zafi bushewa yake yi ya bar tabo. A fara kwarara ruwa ya tafi da yashi. Wannan ya fi muhimmanci a lokacin hunturu: goge ƙura da busasshen tsumma daidai yake da gurza fentin da yashi. Daga nan a sa sabulun wankin mota mai sauƙi, da buroshi mai laushi da zai shiga tsakanin ƙafafun wilin da ramukan noti. Bokiti da tsumman wili su zama daban da na jikin mota, don kada ɓurɓushin ƙarfe ya karce fenti. A ɗauraye sosai, a tsane da tawul mai laushi, domin ruwan rijiya da na burtsatse sukan bar farin tabo idan suka bushe da kansu.

Abubuwan da ba a kusantar wili da su: soson ƙarfe, ruwan batir ko duk wani mai asid, soda mai ƙuna irin ta haɗa sabulu, wadda ke cin alminiyum, da fetur ko kananzir, masu dusashe fenti su kuma lalata robar taya. Garin sabulun wanki ma yana da kaifi, yawan amfani da shi na kashe sheƙi. Idan a wurin wankin mota ake yi maka, ka tsaya ka ga abin da yaran ke zubawa, ka yi masu bayani cikin mutunci.

Akwai wani ruwan feshi na musamman da ke narkar da ɓurɓushin ƙarfe, yana komawa launin shunayya idan ya fara aiki. Sau ɗaya a 'yan watanni ya isa. Bayan an wanke, shafa man kakin mota yana sa datti ya daina kamawa. Amma wilin da aka yi masa fenti marar sheƙi ba a goga masa man ƙyalli, don zai yi dabbare-dabbare. Wanda fuskarsa ke da sheƙin yankan inji kuma, da zarar ya karce a rufe wurin da wuri, in ba haka ba ruwa zai shiga ƙarƙashin fentin ya yi farin zane kamar sawun tsutsa.

Alamomin da ba a yi wa shiru

A auna iska duk mako biyu, da safe kafin taya ta yi zafi, a bi adadin da ke manne a jikin ƙofar direba. Siririyar taya ba ta nuna ta sace, kuma mai ƙarancin iska ita ce ke ba da wili ga rami. Idan taya ɗaya na yawan rage iska ba tare da ƙusa ba, a cire ta a zuba ruwan kumfa a bakin wilin, musamman ta ciki, inda tsagewa ta fi ɓuya. Idan sitiyari na rawa in an yi gudu, ko dai balansin ya tafi ko wili ya lanƙwashe, a je a duba ranar.

Tsagewar da ta kama ƙafar wili ko kusa da ramin noti ba ta da magani, a jefar da shi. Walda da gashi da wuta suna sauya ƙarfin alminiyum, wurin zai yi kyau a ido amma ba zai koma yadda yake ba. Wurin sauya taya kuma a nemi masu inji, domin ƙarafunan ɓanɓare taya suna cin bakin wili. A duba shekarun tayar ma: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT, misali 2321, suna nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi. Sannan noti mai makulli ɗaya a kowace ƙafa zai sa ɓarawo ya nemi wani wurin.

Yadda ta ƙare

A ranar, safaya dattijon ya ɗaura mana da notin asali bayan ya sauya ƙusoshin da suka karye, ya sake ɗaure sauran ƙafafun, muka juya gida a hankali. Ɗaurin auren da ba mu je ba ke nan. Washegari aka mayar da tsofaffin wilin, aka sauya ƙusoshin ƙafa huɗun duka. Dillalin ya daina ɗaga waya. Abokinmu ya sayar da wilin a kan asara ga wani mai motar Jamus, wanda suka zauna wa tasa daram. Da yayansa ya dawo, bai yi faɗa a kan kuɗin ba. Tambaya ɗaya ya yi masa: “Da tayar nan ta fita, me zan gaya wa iyayen yaran nan uku?”

Bayan mako guda muka je har ɗakin kwanan ɗan aji ɗayan nan muka ba shi haƙuri, abokinmu ne a gaba. Ya dawo majalisa. Ashe tun yana firamare yake taya mahaifinsa sauya taya a tasha, kuma ya san mazaunin noti iri uku ɗin nan tun kafin mu san akwai su. Da ba mu kore shi da dariya ba, da wataƙila shi zai fara cewa a juya bayan wilin a duba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu. Allah Ya kiyaye hanya.